Daga Ƙurɗuba Zuwa Zungeru: Wa Ke Ziyartar Tsofaffin Gadojinmu?

Abuja gari ne mai yawan gadoji, amma da wuya ka ji wani ya ce yau zai fita kallon gada. Ana hawa gadar sama a Mabushi a sauka, ana jiran mota a ƙarƙashin gadar Nyanya, shi ke nan. Galibinsu kan titi suka ɗare ba kan ruwa ba, kuma babu gadar sama ko ɗaya a birnin da ta girmi dokar da ta kafa shi a watan Fabrairun 1976. Ƙoramun da ke ratsa garin kuwa an tura da yawansu cikin kwalbati, ba a tunawa da su sai damina ta yi nisa ruwa ya shiga gidajen mutane a Lokogoma ko Lugbe.

Duk da haka, cikin mazauna Abujar nan akwai masu hali da kan biya kuɗin jirgi zuwa Sifaniya ko Italiya ko Turkiyya, su tsaya a kan gadar da Rumawa suka gina, su ɗauki hoto su aiko gida. Ban ga laifinsu ba, domin abin ya cancanci a gani. Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne, me ya sa waɗancan gadoji suka kai yau, me ya sa ƙasar Hausa ba ta da irinsu, kuma waɗanda muke da su, da suka kai ko suka kusa shekara ɗari, wane hali suke ciki.

Gadar da ta fi kusa da zuciyar mai karatun zaure ita ce ta Ƙurɗuba, ko da bai taɓa jin labarinta ba. Garin ba baƙo ba ne a wurinmu. Muwaɗɗar Imam Malik da ake karantawa a Kano da Zariya da Sakkwato riwayar Yahaya bin Yahaya al-Laisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848. A nan aka haifi Ibn Rushd mai Bidayatul Mujtahid a 1126, kuma sunan garin ne Imam Ƙurɗubi mai tafsiri yake ɗauke da shi. Duk ɗan garin da ya so ƙetare kogin Wadil Kabir zuwa kudu a zamanin waɗannan malamai, ta kan gadar nan ya bi, domin ita kaɗai ce gadar garin har tsakiyar ƙarni na 20.

Rumawa ne suka fara kafa ta, shekara dubu biyu da suka wuce. Lokacin da Musulmi suka shiga Andalus sun tarar ruwa ya ci ta, ta lalace. Gwamnan da Halifa Umar bin Abdul'aziz ya naɗa, wato Samhu bin Malik al-Khaulani, shi ya sake gina ta wajen shekarar 720 a kan tushen da ya tarar. Daga baya Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina babban masallacin garin daf da bakinta na arewa. Kiristoci suka karɓi garin a 1236, su ma suka ci gaba da gyara ta duk sanda ambaliya ta taɓa ta. Yau tana tsaye da bakuna 16, da hasumiyar tsaro a bakinta na kudu. Motoci sun yi ta bin ta har zuwa 2004 da aka hana su, aka bar ta ga masu tafiya a ƙafa, sa'annan aka yi mata babban gyara daga 2006 zuwa 2008. Gyaran ma bai wuce ba tare da gardama ba, domin mutanen gari da dama sun yi ƙorafi a kan irin dutsen da aka shimfiɗa mata. Ni wannan gardamar tana burge ni, don tana nuna mutanen da suka ɗauki gada a matsayin tasu.

Saboda haka mai ziyarar da ya tsaya a kanta yana cewa ga aikin Rumawa, rabin gaskiya ya faɗa. Mafi yawan duwatsun da yake gani na waɗanda suka zo bayan Rumawa ne. Dauloli masu addini daban-daban suka gaji juna a garin, sau da yawa ta hanyar yaƙi, amma babu wadda ta ce tunda abokan gaba ne suka gina gadar sai a bar ta ta zube.

Ba a raina gwanintar Rumawa ba. Sirrin ginin nasu yana cikin baka. Suna sassaƙa duwatsu kowanne da faɗi a sama da tsukewa a ƙasa, su jera su a kan firam na katako har dutsen tsakiya ya shiga ya kulle sauran, sa'annan su cire katakon. Daga nan duk nauyin da aka ɗora a sama matse duwatsun yake yi da juna, yana gangarawa zuwa ƙafafun gada. Dutse kuwa yana jure matsi, abin da ba ya jurewa shi ne a ja shi ko a lanƙwasa shi. Babu rodi a ciki, don haka babu tsatsar da za ta kumbura ta fasa ginin daga ciki, wadda ita ce cutar kankaren zamani idan ruwa ya samu hanyar shiga. Wajen kafa ƙafa a tsakiyar kogi, sukan kakkafa itatuwa su kewaye wuri, su toshe da yumɓu, su kwashe ruwan ciki su yi gini a busasshiyar ƙasa. Sun kuma gano cewa tokar dutse mai aman wuta ta yankin Pozzuoli, in an haɗa ta da farar ƙasa, tana daskarewa ko a cikin ruwa. Ƙafafun sukan yi musu tsini ta ɓangaren da ruwa ke tahowa don ya tsaga igiyar ruwa da itacen da ambaliya ta kwaso, wasu kuma a bar musu taga a sama don ruwa ya samu mafita idan kogi ya cika. Gadar Fabrishiyus da ke birnin Rum, wadda aka gina shekara 62 kafin haihuwar Annabi Isa, tana da irin wannan tagar, kuma har gobe mutane na bin ta.

Amma waɗanda suka tsira muke gani. A cikin birnin Rum ɗin, kusa da Fabrishiyus, akwai gadar da ambaliyar 1598 ta karya ba a sake gyara ta ba, yau baka ɗaya ne ya rage a tsakiyar ruwa. Babbar gadar da Sarki Tarajan ya sa aka gina a kan kogin Danube sai kututturan ƙafafunta. Ita ma ta Alkantara da ke kan kogin Tagus, wadda aka gama a shekarar 106, an sha karya mata baka lokacin yaƙe-yaƙe, ana sake ɗorawa. Wadda aka gyara ta rayu, wadda aka saki ta tafi, duk da cewa hannu iri ɗaya ya gina su.

To mu fa? Akwai masu saurin cewa rashin tsofaffin gadojin dutse a ƙasar Hausa alama ce ta rashin fasaha. Wannan magana ba ta da tushe. Maginan Hausa sun san baka sarai. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim cikin shekarun 1830, ya ɗaga kai ya ga bakan gizo da ɗaurin guga, ba zai sake faɗar haka ba. Sai dai bakan namu na azara ne da ƙasa, yana son yaɓe duk shekara, kuma ba zai iya tsayuwa cikin ruwa mai gudu ba. Uwa uba, buƙatar ba iri ɗaya ba ce. Rum daula ce ta rundunar ƙasa da keken shanu da keken doki, tana son sojanta da harajinta su wuce rani da damina. Mu kuwa kayanmu a bayan jaki da takarkari da raƙumi da kan 'yan alaro suke tafiya, kuma tafiyar fatauci ta rani ce. Da rani Challawa da Gagare da Bunsuru da yawancin gulaben ƙasar Hausa rairayi suke komawa, a taka a wuce. Da damina kuma kowa yana gona.

Inda ruwa ba ya ƙafewa, wato Kwara da Binuwai, sai aka gina wata fasahar ta daban, ta mutane da jirage. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja daga Kano yana ƙetare Kwara ta mashigai irin su Yawuri da Busa da Ilo. Madugu ya yi ciniki da masu fito, a loda kaya a jiragen kwale-kwale, a ja dabbobi su yi iyo. A ƙananan gulabe mutum kan rungumi ƙaton gora irin na masunta ya haye. Sarkawa a Kabi suna da Sarkin Ruwa, Kyadya na ƙasar Nupe suna da Kuta a Muregi, kuma kuɗin fito babbar hanyar shiga ce ga sarakunan bakin kogi. Kogin da ba shi da gada kuma ganuwa ne a zamanin hare-hare. Tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan gidan sarautar Zazzau ya baro Zariya, garin da yanzu ake kira Suleja, ta dogara ne da duwatsu da ruwan Iku da ganuwarta wajen tsare kanta. Mai irin wannan zama ba ya gaggawar sauƙaƙa wa baƙo hanyar shigowa.

Manyan gadojin ƙarfe da dutse sun zo mana ne tare da Turawa da layin dogo, kuma abin lura shi ne mafi tsufansu sun kewaye Abuja ta yau. Ba haka kawai ba ne: dalilin da ya sa aka zaɓi tsakiyar ƙasa a 1976 shi ne ya sa Turawa suka ratsa ta nan tun farko.

Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, tana gaba da Minna kaɗan, a bakin kogin Kaduna. Ita ce hedikwatar mulkin Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna wajen 1917. A nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, da Odumegwu Ojukwu a 1933. Ƙaramin layin dogo na farko a Arewa a wannan yankin aka shimfiɗa shi, don kwaso kaya daga inda jiragen ruwa ke iya tsayawa a kogin Kaduna. A garin ne Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya sa aka kafa wata 'yar gadar ƙafa ta ƙarfe da katako a kan ƙoramar Dago, tana haɗa gidansa da sauran unguwar ma'aikata. Daga baya aka kwance ta aka kai Kaduna aka sake haɗawa a lambun Ƙofar Gamji, kuma a 1956 aka sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Ciro gada daga kan ruwanta a kai ta wani gari ba ƙaramin rashi ba ne ga Zungeru, wadda yau kangaye da ginshiƙai kawai suka rage mata daga zamanin da take babban birni. Amma gaskiya ita ce ɗaukewar ce ta sa gadar ta tsira. Da an bar ta inda take babu mai tsaro, ban ga abin da zai hana ta ƙarewa a sikelin 'yan gwangwan ba, a ƙasar da ko murafun ramukan titunan Abuja ba su tsira daga ɓarayin ƙarfe ba.

Ta Jebba ta fi wannan girma nesa ba kusa ba. Layin dogo daga Ikko ya iso bakin Kwara a 1909, na Baro zuwa Kano ya isa Kano a 1911, aka haɗa su a Minna. Amma shekaru da dama taragu a kan jirgin fito suke haye kogin, har aka kammala gada a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda ta taka tsibirin Jebba ta haɗa gaɓa biyu. Ta kanta dalar gyaɗar Kano ta gangara teku, da auduga da fatu da kuzar Jos, ta kanta kuma goro da gishiri da atamfa suka hauro. Unguwannin Hausawa na Sabo a Ibadan da Agege a Ikko sun cika ne da mutanen da da yawansu ta nan suka wuce. Wurin da kansa ya isa a yi masa tattaki: ga wani dutse mai tsayi a tsakiyar ruwa, ga hasumiyar tunawa da Turawa masu binciken kogin, Mungo Park da Richard Lander, ga ragowar jirgin Dayspring da ya fashe a kan duwatsun wurin a 1857 ɗauke da Bature mai binciken kogi Baikie da ɗan mishan Samuel Ajayi Crowther.

Sai ta Makurɗi a kan Binuwai, wadda aka buɗe a 1932. Kafin ita, jirgin ƙasan da ya taso daga Fatakwal ɗauke da gawayin Inugu sai ya jira fito. Gada ce ta ƙarfe mai tsawon kusan mita 800, da jirgi da mota duka suna bin ta, kuma shekaru da yawa ita ce igiyar da ta ɗaure gabashin ƙasar da Arewa. Yanzu akwai sabuwa kusa da ita da ke ɗaukar manyan motoci.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba maganar banza ba ce. Waɗannan kayan mulkin mallaka ne. An gina su don kwashe arziƙinmu da kai soja inda ake so, ba don ƙaunarmu ba, to don me za mu kashe kuɗin talaka wajen adana su? Farkon maganar gaskiya ne, ƙarshenta ne ban yarda da shi ba. Bature ya zana, ƙarfen daga Ingila aka kawo, amma wa ya fasa dutse, wa ya ɗauki ƙasa a kwando, wa ya shiga ramin ƙafar gada a tsakiyar kogi? Kakanninmu ne, Nufawa da Gwarawa da Hausawa da Tibi da Yarbawa, da yawansu kuma ba da son ransu ba, a ƙarƙashin abin da tsofaffi ke kira diban gwamna, inda ake ɗora wa hakimi adadin ƙartin da zai kawo. Sunan injiniya da na gwamna sun shiga takarda, nasu bai shiga ba. Idan gadar ta ruɓe ta faɗa ruwa, ba Lugga aka hukunta ba, shaidar wahalarsu aka shafe. Rumawa ma ba don tausayin mutanen Andalus suka yi gini ba, kuma hakan bai hana gwamnan Umar bin Abdul'aziz gyara abin da ya ga yana da amfani ga jama'a ba.

Akwai kuma dalilin da bai shafi tarihi ba. Ƙasar da ba ta saba duba tsohuwar gada ba, ba za ta duba sabuwa ba, domin ɗabi'ar ɗaya ce: a leƙa ƙarƙashi, a ga inda ruwa ya zaizaye gindin ƙafa, a kankare tsatsa a shafa fenti, a kwashe yashi da sharar da suka toshe hanyar ruwa, a hana motar da ta fi ƙarfin gada hawa. Mun ga sakamakon rashin hakan. Gadar Tatabu da ke hanyar Mokwa zuwa Jebba ta karye a 2017, hanyar Ikko zuwa Arewa ta yanke. A 2012 da 2022 ruwa ya shafe titin Lokoja zuwa Abuja ta wajen Koton Ƙarfe, kusa da gadar Murtala, tankokin mai suka yi cirko-cirko, layin mai ya dawo Abuja. A ƙarshen watan Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta ci rayuka fiye da ɗari, ta tafi da gidaje da hanya. Inda babu gada kwata-kwata kuma, mutane na nan suna cika kwale-kwale, kamar 'yan bikin da fiye da ɗari daga cikinsu suka halaka a Kwara ta wajen Patigi a watan Yunin 2023. Wanda ya san waɗannan ba zai ɗauki maganar gada a matsayin nishaɗin masu yawon buɗe ido ba.

Ziyara tana da nata aikin a cikin wannan. Abin da mutane ke zuwa gani, hukuma na jin kunyar barinsa ya lalace, kuma mutanen gari na samun abin da za su kare: mai abinci, mai kwale-kwale, mai masauki, saurayin da ya haddace tarihin wurin yana zagayawa da baƙi. Tsohon garin Ƙurɗuba yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1994, amma ba takardar ce ta riƙe gadar ba. Mutanen garin ne ke fitowa da yamma su taka ta da 'ya'yansu, baƙi su zo su tarar da su.

Ba na ɓoye cewa akwai cikas. Hanyoyin jihar Neja sun sha fama da ramuka, wasu yankunanta kamar Shiroro da Rafi sun sha fama da 'yan bindiga, kuma harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 bai fita daga zukata ba. Babu malamin makarantar da zai kwashi yara ya kai su inda iyayensu ba su natsu ba, kuma yana da gaskiya. Sai dai ba duka wuraren ne ke da wannan matsalar ba. Jirgin da ke tashi daga Idu zuwa Rigasa tun 2016 yana kai mutum Kaduna ya ga gadar Lugga ya dawo a yini guda. Makurɗi ta hanyar Keffi da Lafiya tafiyar rabin yini ce. Suleja kuwa tana bakin ƙofa, amma yara nawa ne a makarantun Garki da Wuse suka san cewa sunan garinsu daga can aka aro shi?

Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, a Abuja hedikwatarta take, haka ma ma'aikatar ayyuka da ta sufuri. Abin da ake buƙata daga gare su ba mai tsada ba ne in aka kwatanta da kuɗin gadar sama guda ɗaya. A fara da ƙidayar tsofaffin gadojin layin dogo da na titi, daga Baro zuwa Kano, daga Jebba zuwa Minna, a san shekarun kowace da halin da take ciki. Waɗanda aka yi wa sabbi a gefensu kada a bar su ga masu yankan ƙarfe, a sauke musu nauyi a bar su ga masu ƙafa da keke, kamar yadda aka yi a Ƙurɗuba a 2004 da garin Merida na Sifaniya a 1991. A kafa allo a bakin kowace, da Hausa da harshen mutanen wurin da Turanci, mai faɗin shekarar da aka gina ta da garuruwan da aka ɗebo leburorinta, abin da ɗaliban tarihi na Zariya da Kano za su iya tonowa daga ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kaduna. Gadar Makurɗi za ta cika shekara 100 a 2032, kuma in ana son ta kai ranar da fenti a jikinta da mutane a kanta, yanzu ne lokacin da injiniyoyi za su shiga ƙarƙashinta su duba ƙafafunta.